Ƙanena na Landan, kada ka shiga wannan haɗin bakin

Wani matashi ɗan Agege ya rubuto mini daga Landan. Shekararsa huɗu a can, ya buɗe ɗan kamfanin aiko kaya zuwa Legas, yana kuma jiran lokacin neman takardar zama ta dindindin. Su huɗu ne 'yan Arewa masu wannan sana'a a yankinsu. Babbansu, wanda aminin mahaifinsa ne, ya kawo shawara a zaurensu na WhatsApp cewa su tsayar da kuɗi ɗaya a kan kowane kilo, kada wani ya karya wa wani. Matashin ya ce da ya kira gida, mahaifinsa ya ce masa ai haka ake yi a kasuwar Mil 12 tun kafin a haife shi. Tambayarsa: ya shiga ko kada ya shiga?

Ƙanena, kada ka shiga. Amsar ke nan, sauran bayani ne.

Na san abin da Baba yake nufi, don nan Legas nake zaune. Na sha tsayawa a Mil 12 da asuba ana sauke kwandunan tumatir daga motocin Kano, dillalai sun yi cirko-cirko, kafin rana ta fito kuɗin kwando ya gama zaga bakin kowa. Wanda ya sayar ƙasa da haka, sai a daina amsa sallamarsa. A idonmu wannan zumunci ne da rufa wa juna asiri. A idon dokar ƙasar da kake zaune, haɗin baki ne a kan mai saye, kuma yana cikin manyan laifukan kasuwanci.

Dokar gasar kasuwanci ta Birtaniya ta 1998 ta haramta wa masu sana'a ɗaya su yarje kan farashi, ko su raba kwastomomi a tsakaninsu. Hukumar CMA, mai sa ido kan gasar kasuwanci a can, tana iya cin kamfani tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekara. Wata dokar ta 2002 ta mayar da abin laifin da ake ɗaure mutum a kansa har shekara 5, ana kuma iya hana shi shugabancin kowane kamfani har shekara 15. Ba sai an sa hannu a takarda ba. Magana a bakin masallaci bayan Juma'a ta isa, balle saƙon da ke ajiye cikin wayar mutum huɗu.

Za ka ce ku ƙanana ne, wa zai kula da ku? Gaskiya ne dokar tana sassauta wa ƙananan kamfanoni a wasu yarjejeniyoyi, amma ta cire tsayar da farashi daga wannan sassauci. A 2017 an kama dillalan gidaje shida a wani ƙaramin gari na yankin Somaset da suka yarje kada kowa ya karɓi la'ada ƙasa da kashi 1.5 cikin 100. Biyar suka biya tarar kimanin fam 370,000. Na shidan bai biya ko sisi ba, saboda shi ya fara zuwa ya tona. Ka tsaya a nan ka yi tunani, don haka aka gina tsarin da gangan: wanda ya riga kai kansa shi ke tsira. Ranar da ɗayanku ya samu saɓani da sauran, ko tsoro ya kama shi, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ba zan tsorata ka da ƙarya ba, ɗauri a irin wannan shari'a ba kasafai yake faruwa a Birtaniya ba, tara ce ta fi yawa. Amma kai ba ɗan ƙasa ba ne. A dokarsu ta 2007, baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, kora ce ke biye da shi sai in ya samu wata kariya ta musamman. Ko abin bai kai nan ba, ba na so ka cike takardar neman zama kana da bincike a wuyanka.

Da Amurka kake da na fi ɗaga murya. Dokar Shaman ta 1890 ita ce uwar irin waɗannan dokoki, kuma su ɗaurewa suke yi da gaske: har shekara 10, da tarar dala miliyan 1 ga mutum ɗaya, wanda aka cuta kuma yana iya neman diyya ninki uku. Tarayyar Turai ba ta ɗaure kowa da kanta, aljihu take duka. A 2016 ta ci kamfanonin ƙera manyan motoci tarar kusan yuro biliyan 3.

Abin da na fi so ka isar wa Baba shi ne, nan gida ma ba halal ba ne. Tun 2019 aka sa hannu a dokar gasar kasuwanci da kare masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar naira miliyan 10 ga wanda ya haɗa baki kan farashi. Bambancinmu da su ba a rubutun dokar yake ba, a bin diddigi yake. Kuma tunda kayanku tashar jiragen ruwa ta Apapa da filin jirgin Ikeja suke sauka, kasuwancinku ƙafa biyu gare shi, kowace tana ƙarƙashin dokarta.

Damuwar babban naku gaskiya ce, karya farashi yana cinye riba. Akwai hanyoyin da ba su saɓa doka ba. Kuna iya haɗa kaya ku ɗauki kwantena ɗaya ku raba kuɗin dako, sannan kowa ya yanka wa kwastomansa kuɗin da ya ga dama ba tare da ya faɗa wa ɗan'uwansa ba. Ko ku narke ku zama kamfani ɗaya mai rajista ɗaya. Kowanne kuka zaɓa, lauyan da ya san harkar ya duba kafin ku fara.

Yau ɗin nan ka rubuta a zauren, cikin ladabi, cewa ba ka cikin maganar farashi kuma kai za ka riƙa yanka naka. Shiru ba ya wanke mutum, ana iya ɗaukarsa amincewa. Kada ka goge tsofaffin saƙonni.

Shi kuwa Alhaji, aminin mahaifinka, kada ya fara jin ƙin amincewarka a gaban yara. Ka je gidansa da kanka kafin ka rubuta, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce: "Baba, ba raini ba ne, takarduna nake ji wa tsoro, naka kamfanin ma ina ji masa." Ka ba shi labarin dillalan nan shida. In ka ga dama ka turo mini lambar mahaifinka ta akwatin sirri, Agege ba ta yi mini nisa ba, zan je in yi masa bayani da bakina.