Tambayi Makaniki: Injin Daddatse Kara a Bayan Tarakta

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina noma hekta 12 a bayan Ngong a arewacin Kamaru, auduga da masara, kuma ina da Massey Ferguson 375 da na saya na hannu. Kowace shekara saran karan auduga yana cin kuɗina, 'yan ƙwadago sun yi wuya, ga fargabar gobara ranar ƙonawa. Na shigo Garwa wani dila ya nuna mini inji iri biyu, ɗaya mai dogayen wuƙaƙe biyu a ƙarƙashi, ɗaya mai ganga da ƙananan ƙarafa a rataye. Ya ce in ɗauki mai gangar, mai faɗin mita 2.8, don in gama da wuri. Me ka gani? *Daga wani manomi a Ngong.*

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Dilan ya yi gaskiya a rabi. Mai gangar shi ne naka, amma ba mai mita 2.8 ba. Shi kayansa yake so su fita, kai kuwa taraktarka ce za ta ɗauki nauyin.

Na farkon da ya nuna maka, wanda muke kira jiro a gareji, wuƙaƙensa a kwance suke kewayawa kamar fankar silin. Yana da sauƙin kuɗi, abin lalacewa a jikinsa kaɗan ne, kuma yana kwantar da daji da sauri. Sai dai sara yake yi ya watsar. Karan auduga zai fito da tsawonsa, garma ta zo tana kwasa tana toshewa. Ga shi da jifa: dutsen da wuƙar ta ɗauka yana iya zuwa nesa, kuma ka san tarakta ba ta shiga gona a ƙasar nan ba tare da yara sun biyo ta kallo ba.

Na biyun shi ne masu Faransanci ke kira biroyar. Ƙarfe ne kamar ƙaton bututu a kwance, an rataya masa wuƙaƙe masu lilo, yana juyawa fiye da sau 2,000 a minti ɗaya a cikin rufin ƙarfe. Kara ya shiga ya sha duka, ya sake sha, sannan ya faɗo a daddatse a baje a ƙasa. Da yake wuƙaƙen a sake suke, idan ɗaya ta ci karo da dutse sai ta kauce baya ta wuce, rufin kuma ya tare mafi yawan abin da zai yi tsalle.

Abin da ake ratayawa a gangar iri biyu ne. Akwai siririyar wuƙa mai baki biyu kamar gwafa, ita ce ta ciyawa da karan masara, ba ta cin ƙarfin tarakta sosai. Akwai guduma, mai nauyi da faɗin baki. Karan auduga sunansa kara ne kawai, amma itace ne, don haka guduma za ka ce a ba ka. Ita ce kuma za ta iya da tohon sabara da kalgo da ke fitowa a gefen gona. Ta fi wuƙa jan mai, wannan kam ka sani tun yanzu.

To, maganar faɗi. Ƙarfin doki 75 da aka rubuta wa taraktarka na injinta ne ranar da ta fito daga kamfani. Abin da ke isa sandar nan mai juyawa ta baya, wadda muke kira firizdafos, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi kuma suke cewa PTO, bai kai haka ba, balle ga tarakta ta hannu da ta sha gonakin wasu kafin taka. Ni lissafin da nake yi wa mutane, idan guduma ce a cikin itace, kowace mita ɗaya a ware mata doki kamar 30. Ka ga mita 2.8 ta fi ƙarfin abin da kake da shi. Za ka ji injin yana nishi, baƙin hayaƙi na fita, bel na zamewa yana wari. Ga nauyi: da ka ɗaga shi a kan hanya sai gaban tarakta ya yi sama-sama, sitiyari ya daina jin magana.

Sannan ka auna layinka. Idan tazarar layin audugarka santimita 80 ce, layi biyu mita 1.6 ne, layi uku kuma mita 2.4. Inji mai mita 1.8 zai ci layi biyu da rara. Mai mita 2 ko 2.2 shi ma layi biyun zai ci, ka biya kuɗin ƙarfen da ba ya aikin komai. Saboda haka mita 1.8 nake ba ka shawara. Da tafiyar kilomita 4 a awa, idan aka cire juyi da tsayawa, za ka riƙa gama kusan kar biyu a awa, wato rabin hekta. Ko duk hekta 12 ɗin auduga ce, awa 24 ke nan, kwana huɗu in ana awa shida-shida. Ina gaggawar take?

Kafin kuɗi su bar aljihunka, ka sa a juya maka injin ka duba da idonka. A jikin giyabos ɗinsa za ka ga an rubuta 540 ko 1000, wato yawan juyin firizdafos a minti ɗaya. Naka 540 ne, kuma bakin sandar taraktarka haƙora shida gare shi. Ka tambaya ko akwai abin nan da ke barin ganga ta ci gaba da juyawa ita kaɗai bayan an katse wuta, a cikin giyabos ko a jikin kardan, wato sandar da ke haɗa firizdafos da injin. Ganga mai nauyi ba ta tsayawa nan take, kuma idan babu wannan abin, ƙarfinta komawa yake yi cikin tarakta. A wasu tsofaffin taraktoci ma har tura su gaba take yi bayan direba ya taka kuloci. Ka buɗe murfin gefe ka karanta lambar bel, ka nemi lambar boris na gefen ganga, sannan ka zaga wajen masu sayar da kayan gyara a nan Garwa ka ji ko suna da su. In sai an aika Duwala ko an tsallaka Najeriya kafin a samu, ka sayi na ajiya tun yau, tare da guduma kamar goma da kusoshinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kardan sau da yawa yakan zo da tsawo fiye da kima. A haɗa injin, a ɗaga shi, a sauke shi, a ga inda tazarar ta fi gajarta, sannan a yanke ɓangarorin biyu daidai da juna. In aka bar shi da tsawo, ranar da aka ɗaga inji zai tokare ya fasa wani abu, kuma ba abu mai araha yake zaɓa ba. Rigar robar da ke kansa kuma a bar ta inda take. Na san yaran gareji suna cire ta wai tana hana su sa giris. A 540, sandar nan tana juyawa sau tara kafin ka ƙirga daƙiƙa ɗaya. Mai babbar riga, ko mai rawani da jela, ko direban da ya ɗaure fuska da ƙyalle saboda ƙura, kada ya matso kusa da ita tana aiki. Kai ma Alhaji, in ka zo duba aiki da rigar Juma'a, ka tsaya daga bakin gona.

Ranar aiki, kafin tarakta ta shiga, a bi gonar da ƙafa. A kafa sanda a kan kowane kututture da suri, a tsince duwatsu, musamman kuma waya, igiyar roba da yagaggen gidan sauro. Wannan ba a littafi na koya ba. Shekarun baya ina yi wa wani bawan Allah aiki a hanyar Pitowa, ban bi gonar ba don rana ta yi, ashe akwai guntun wayar shinge a cikin ciyawa. Ta naɗe a ƙarshen ganga, ta cinye robar da ke tsare giris, boris ya bushe ya yi ja. Ban ankara ba sai da na waiwaya na ga hayaƙi na bin sawuna. Da ganye da jarkar ruwan shanmu muka kashe, ni da yarona, kuma kuɗin aikin duka a gyara suka tafi. Tun daga ranar ba na shiga busasshiyar gona ba jarka biyu a kan tarakta. A watan Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ka fara da asuba ka tashi kafin azahar, kuma duk awa ɗaya ko biyu a kashe inji a kakkaɓe ƙaiƙayin da ya toshe gaban lagireto.

Rolar da ke baya ita ke riƙe tsayin yanka. Gonar auduga mai kunya ce, don haka bi layi za ka yi, kada ka gicciye shi, kuma ka bar kamar yatsa huɗu tsakanin guduma da kan kunya. Guduma da ke cin ƙasa wata guda ba za ta yi ba. Ka sa firizdafos injin yana ƙasa-ƙasa, ka ƙara totur a hankali har allura ta kai alamar 540 a agogo, ka bar shi a nan. In aiki ya yi nauyi giya za ka rage, ba totur ba. Giris kowace safiya, man giyabos a canza shi bayan awa 50 na farko, bel kuma a sake ɗaure shi bayan yinin farko don sabo yakan saki.

Abu biyu da dila ba zai faɗa maka ba. Injin nan sama yake yankewa, saiwa tana ƙasa, kuma auduga takan sake toho. Malaman gona na kamfanin auduga SODECOTON sun daɗe suna nanata a kawar da tsohon kara kafin sabuwar shuka saboda tsutsa da cuta, don haka sai garma ta biyo baya aikin zai cika. Na biyu, karan masararka. Ni da nawa ne, ba zan daddatse shi da wuri ba. Abincin shanu ne a lokacin da babu komai a daji, kuma makiyayin da ya kwana da garkensa a gonarka taki yake bar maka. Ka bari su gama kiwo, abin da suka rage ka bi ta kansa.

Tambaya: Baba, ina da shanun madara guda shida a kusa da Ngaundare. Zan iya yanka ciyawar ajiya da irin wannan injin? *Daga wata mai karatu.*

Amsa: A'a Hajiya. Niƙe ciyawar zai yi ya gauraya ta da ƙasa, ba za ki samu abin ɗaurewa dami ba. Ciyawar ajiya tana son a yanke ta daga gindi ta kwanta da tsawonta ta bushe. Akwai injin da aka yi don haka, mai dogon hannu da haƙora kamar na aski, akwai kuma mai faifai. Ga shanu shida kuwa, samari biyu da lauje mai kaifi sun wadatar. Inda biroyar zai yi miki amfani shi ne share tsohuwar ciyawa da ƙaya a makiyaya kafin ruwa ya sauka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni direba ne. Na bugi dutse, tun daga nan injin yake karkarwa har sitiyari. Guduma ɗaya ta fita. Mai walda ya ce zai ƙera mini wata da ƙarfen sifirin mota. In yarda? *Daga Gidar.*

Amsa: Ɗana, ka ajiye injin nan tukuna, kada ka ƙara ko layi ɗaya. An jera gudumomin ne yadda nauyin kowane gefe zai yi daidai da na ɗaya gefen. Da ɗaya ta fita, gangar ta zama kamar fanka mai karyayyen fiffike, kuma karkarwar da kake ji boris take ci, tana tsattsaga walda a jikin rufi. Ta mai walda ba za ta zo da nauyi ɗaya da sauran ba, in kuma ta ɓalle ana cikin gudu, Allah ya kiyaye.

Ka sayi na ainihi guda biyu, ka sa ɗaya a gurbin da ta fita, ɗaya a wadda ke fuskantarta ta ɗaya gefen, domin tsohuwar ta riga ta ci ta rage nauyi. Ka sa sababbin kusoshi masu ƙarfi da noti mai kulle kansa. Kafin ka shiga ƙarƙashi, ka kashe tarakta, ka zare makulli, ka tokare injin da kututture mai ƙwari, don hadirolik yakan sauke kaya ba sallama. Ka duba kunnen da gudumar ke rataye a jiki ko ya tsage. In ka gama duk wannan karkarwar tana nan, to gangar ce ta lanƙwashe, sai a cire ta a kai wa masu injin daidaita nauyi. Ka faɗa wa maigidanka yau, tun kuɗin gyaran na guduma biyu ne.