Amsa ga mai son kai mahaifiyarsa El Escorial da Segovia a yini ɗaya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka biya kamfanin yawon buɗe ido ya kai ka El Escorial da Segovia daga Madrid a yini ɗaya tare da Hajiya. Da na karanta sai raina ya sosu, domin irin wannan tafiya na biya, kuma har yau ban huce ba.

Abin da ya kai ni shi ne ɗakin littattafan El Escorial. Sarkin Sifaniya Filib na Biyu ne ya gina wurin daga 1563 zuwa 1584, ya haɗa fada da coci da gidan ruhubanawa da makabartar sarakuna, kuma a can aka ajiye littattafan Sarkin Maroko Maulay Zidan, kusan 4,000, waɗanda jiragen ruwan Sifaniya suka ƙwace a teku a 1612. Mahaifinsa Ahmad al-Mansur shi ne ya tura rundunar da ta karya Songhai a 1591, don haka na ɗauki wurin a matsayin abin da ya shafe mu. Gobarar da ta tashi a wurin a 1671 ta cinye da yawa daga cikin littattafan.

Jagoranmu minti goma ya ba mu a ɗakin, yana ta duba agogo. Da na tambaye shi game da littattafan Larabci, sai ya ce wannan ba ya cikin tsarin tafiyar, ya juya mini baya a gaban mutane. Daga baya na nemi minti biyar in yi azahar a wani lungu a waje, ya amince da bakinsa, amma ina sallamewa na tarar motar ta tafi da jakata da rigar sanyina. Na tsaya ina rawar ɗari a gindin dutsen Guadarrama, ina kiran lambar kamfanin ba wanda ya ɗauka. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na wannan rana ba.

Don Allah kada ka haɗa wa Hajiya wurare biyu. Ku hau bas mai lamba 661 ko 664 daga tashar Moncloa da ke Madrid zuwa El Escorial, tafiyar kusan awa ɗaya ce, ku zaga a tsanake. Ranar Litinin El Escorial a rufe yake. Matakalar da ke sauka makabartar sarakuna tana wahalar da gwiwa, in ta gaji ta zauna ta jira ka. Littattafan Larabcin kuwa masu bincike ake buɗe wa da izini, amma za ka ga sauran a jere, bakinsu mai ruwan zinariya yana kallon waje.

In kuka je Segovia wata rana, ku riƙe abincinku, domin gasasshen ɗan alade shi ne abincin da garin ya yi suna da shi. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya.