Abin da ya sa ogan naka baya barinka ka sa fulogi da kanka

Wa alaikumus salam ɗana, tun jiya da daddare naga saƙonka, na bari sai da safe ne don tambayar taka ba ta layi biyu bace. Kace wata huɗu kenan kana shagon gyaran kwamfuta, kai ke ɗaura modabod (bod, babban allon da komai na kwamfuta ke jone a kai) a akwati kai ke jona wayoyin pawa (na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta wuta) gaba ɗaya, amma in ka gama oga baya yarda ka sa fulogi a soket sai ya zo ya leƙa ya taɓa kowace waya da hannunsa, shine kake tambaya wai al'adar masu gyara ce ko raini ne. Toh al'ada ce, mu ma haka aka yi mana, kuma tana da tushe.

Sanda na fara sana'ar nan yawancin kwamfutocin da ake kawo mana irin tsohon tsarin da ake kira AT ne, wayar da ke kai wa bod wuta guda biyu ce, P8 da P9, kowacce baki shida, kamarsu ɗaya sak, in ka musanya musu wuri ka kunna shikenan bod ya tafi, kuma a lokacin kuɗin bod ɗaya ya fi ƙarfin yaron shago nesa ba kusa ba. Karatun farko da ake biya mana shine baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya, sai ka faɗa da bakinka oga ya ji sannan ya duba. A 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, aka mayar da ita waya ɗaya mai baki 20 wadda bata shiga sai ta fuska ɗaya, daga baya ta zama 24. Wancan haɗarin ya wuce amma duban oga bai wuce ba, don wasu tarkunan sun maye gurbinsa.

Babba a cikinsu, wanda nake so ka riƙe da kyau, shine wayoyin nan biyu masu baki takwas. Ɗaya ta firosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana shiga can sama kusa da fanka, ita ce ke rabewa huɗu da huɗu. Ɗayar ta katin girafik ce, mai fitar da hoto, ita kuma shida da biyu take rabewa. Duka volt 12 suke ɗauka amma jerinsu ya saba, layin da rawaya take a wannan, baƙa ce a wancan. An yanka bakinsu daban don kada su shiga ramin juna, sai dai roba ce, yaro mai ƙarfin hannu in ya dage zai cusa ta, na gani da idona wallahi, wani yaro da na koya wa aiki ya yi haka da kwamfutar mai shagon buga takardu, warin ƙuna kawai muka ji, ni na biya kuma har yau abin na damuna don ranar ina gaggawa ban duba ba. In waya ta ƙi shiga kada ka matsa, zare ta ka karanta abin da aka rubuta a jikinta.

Sai pawa irin ta yanzu da ake cire wa wayoyi. Ɓangaren da ke shiga bod tsari ɗaya ne a ko'ina, amma ɓangaren da ke shiga jikin pawar kowane kamfani da nasa jerin, wani lokacin ma kamfani ɗaya samfuri biyu basa jituwa, don haka wayar da ka tsinta a kwalin tarkace zata iya shiga lafiya lau ta ƙona maka had disk, ma'ajiyar bayanan kwamfutar. Kowace pawa da wayoyinta, kada ka aro.

Ka riƙa duba bayan tsofaffin pawa ma, akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230. Kwamfutar da ta fito daga Amurka sau da yawa akan 115 take zuwa, mu kuma wutarmu 230 ce, ka jona haka ta yi ƙara ta mutu nan take.

Kuma kashe kwamfuta ba shine cire wuta ba, muddin fulogi na soket akwai volt 5 da ke zaune a bod ta wayar nan mai launin shunayya. Zare fulogi, danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa bod, balle yanzu da hunturu ke shigowa jiki na tara wutar nan da ke tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota.

Gobe in ka gama haɗawa kada ka jira ya zo, kai ka kira shi, ka nuna masa mai baki 24 ta zauna har maƙallinta ya kama, ka nuna ta firosesa ka faɗi yadda ka gane ita ce. Ni yaron da ya yi min haka sau da yawa shi nake fara sakar wa fulogi. Ka gaida min mahaifiyarka, kace ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya kai mu.