An ce in tilasta wa katin RAID gudu, in yarda?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ke kula da sabar (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai) wani ofishi a unguwar Zango, nan Damagaram. Manhajar Proxmox ce a kanta da VM shida (kwamfutocin manhaja da ke gudana a cikin sabar), faifai huɗu a RAID 5 (tsarin haɗa faifai su yi aiki kamar ɗaya) bisa katin MegaRAID da ke sarrafa su. Tun shigowar bazara, duk daren da ɗaukar kwafin ajiya ya haɗu da lissafin albashi sai komai ya daskare, dmesg (rahoton da Linux ke rubutawa) ya cika da "task abort" da "I/O error". Sau biyu wata VM ta ƙi karɓar rubutu, sai karatu kawai. Wani mai gyara ya ce in kunna "Always Write Back", wato saitin da ke sa katin ya riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa ko da batiri ko babu, shi ke nan. Hankalina a tashe yake, bayanan shekaru ne a ciki. In kunna?

Amsa: Ƙanena, kada ka kunna. Yau ɗin nan, bayan an tashi daga aiki, ka kwashe kwafin VM ɗin zuwa faifan waje, ɗaya bayan ɗaya.

Batirin katin nake zargi. Duba shi da umarnin storcli /c0/bbu show all. Idan batiri ya mutu, katin da kansa yake daina riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa, sai ya jira faifai ya tabbatar tukuna. A RAID 5 kuwa, kowane ƙaramin rubutu aiki huɗu ne: karatu biyu, rubutu biyu. Layi ya yi tsawo, Linux ya jira har ya gaji ya soke umarnin, ext4, tsarin adana fayiloli, ta rufe ƙofar rubutu don kare kanta.

Shawarar mai gyaran nan ita ce ke ƙona mini rai, domin kusan kullum sai na ji ta. Bai yi ƙarya ba, sabar za ta yi gudu, shi ya sa ake yarda da shi. Amma katin zai riƙa ce wa VM "na rubuta" alhali bayanan suna zaune a ƙwaƙwalwar da ba batiri a bayanta. Wuta na ɗaukewa, sun tafi. Kai da ke Damagaram, sai na gaya maka yadda wuta take a watan Afrilu da Mayu? Za ka ce akwai UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke. Yaushe rabon da ku zare filogi ku ga minti nawa take riƙewa, bayan zafin da batirinta ya sha? Ko lafiyarta ƙalau, ba abin da za ta tsinana idan akwatin wutar sabar ya ƙone.

Kuma ɓarnar ba ta ihu. Da safe komai ya buɗe lafiya lau, sai bayan makonni a tarar rumbun bayanai ya ruɓe, kwafin ajiya ma ruɓaɓɓen ya yi ta ɗauka. Da idona na ga wata akanta zaune da kwali cike da rasit, tana sake shigar da su ɗaya ɗaya, idanunta jajur. Wanda ya kunna musu abin ya karɓi kuɗinsa, wayarsa a kashe. Garin gyaran gira aka rasa ido. Katin nan gargaɗi yake yi maka da ya rage gudu, mai gyaran naku kuma yana so ka toshe masa baki. Sayi batiri ka canza. Kafin ya iso, ku yi haƙuri da tafiyar hawainiya.

Sai zafi. Buɗe akwatin ka ga ƙurar hunturu da ta danƙare kan ƙarfen sanyaya katin, ka hure ta, ka tabbata kowace fanka tana juyi, ka auna da storcli /c0 show temperature lokacin da aiki ya yi nauyi. Faifan kuma ka bi su da smartctl -a -d megaraid,N /dev/sdX, inda N lambar faifan ce a katin, sdX kuma sunan da Linux ya ba faifan RAID ɗin. In na SATA ne, kuma ƙidayar layi mai lamba 5 ko 197 a sakamakon tana hawa, faifan ne ke mutuwa. In 199 ce, fara da canza kebul.

Daren yau ka raba lokacin kwafin ajiya da na albashi, ka sa wa vzdump, manhajar ɗaukar kwafin, iyakar gudu da saitin bwlimit. Gobe ka turo mini abin da storcli ya nuna game da batirin.