Filin Tambaya da Amsa: Wai Makaɗan Indi Masu Ɗauko Waƙoƙin Gargajiya Sata Suke?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah ina da tambaya akan wasu makaɗa da na ci karo dasu a YouTube wai su Altın Gün, kawai waƙarsu ce ta faɗo min bayan wadda nake ji ta ƙare, ni ko kalma ɗaya bana ji a yarensu amma wallahi na kasa daina saurare, ga jitar lantarki ga ganguna irin na Turawa sannan ga wani abin kiɗa mai dogon wuya da yake wani irin kuka. Na tambayi yayana yace wai 'yan indi ne, kuma waƙoƙin ma ba nasu bane na tsofaffin mawaƙan ƙauye ne suka ɗauko suka ɗora musu kiɗan zamani, shi dai a wajensa sata ce kawai. To Yaya su waye 'yan indi ɗin, kuma da gaske sata suke? Sannan ta ina zan samu irinsu? Daga ƙanwarka, wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Yayanki ya faɗi gaskiya a rabin maganarsa, ɗaya rabin kuma ya yi gaggawar yanke hukunci.

'Yan indi dai makaɗa ne da basa ƙarƙashin manyan kamfanonin waƙa na duniya, wato Universal da Sony da Warner, ko dai su fitar da kayansu da kansu ko ta wani ƙaramin kamfani, shi yasa suke iya yin abin da ransu yake so ba mai ce musu wannan ba zai sayu ba. Su waɗannan da kika gano a Amsterdam ta ƙasar Holan suka haɗu a 2016, wani mai kaɗa jitar bes Jasper Verhulst ne ya tara su bayan tsofaffin fayafayan Turkawa sun shiga ransa, har ta Facebook ya yi cigiyar mawaƙa Turkawa, shi yasa zaki gansu a cakuɗe. Albam ɗinsu na farko ya fito a 2018 ta wani ƙaramin kamfani a Jeniba, na biyu da ya fito a 2019 sai da ya shiga takarar Grammy, babbar lambar yabo ta waƙa a Amurka.

Abin kiɗan nan mai dogon wuya sunansa saz, ko baglama, ki ɗauka kamar babban yayan gurmi ne. Kukan da kike ji kuwa akwai dalilinsa: matakan dake jikin wuyansa ɗaure su ake da zare, ana iya matsar dasu, don haka yana fitar da sautukan da suke tsakanin maɓallan fiyano biyu, waɗanda jita ta yau da kullum bata da su sam. Ga kuma zancen bugu, da yawa daga waƙoƙin gargajiyar Turkawa ba akan huɗu-huɗu suke tafiya ba, akwai masu tara da ake rabawa biyu, biyu, biyu, uku, shi yasa in kika so bin kiɗan da ƙafa sai ki ji kin ɓata a hanya.

Sai maganar sata. Ki gaya wa yayanki ba 'yan Holan ne suka fara wannan abu ba, Turkawan ne da kansu. Tun a 1965 jaridar Hürriyet ta fara wata gasa da ake son makaɗa su yi waƙoƙin gida da kayan kiɗan Turawa, daga nan wannan salon ya kankama, irinsu Erkin Koray da Barış Manço da Cem Karaca da Selda Bağcan suka yi suna a shekarun 1960 da 1970. To kinga layi ne mai tsawo, waɗannan yaran sun zo ne sun tsaya a ƙarshensa. Kuma basa ɓoye inda suka samo, a hirarrakinsu sukan ambaci Neşet Ertaş, mawaƙin yankin Kırşehir na Turkiyya da ya rasu a 2012, wanda shi ma a hannun mahaifinsa Muharrem Ertaş ya koya. Ɓarawo baya nuna maka gidan da ya shiga.

Wani abu da yake burge ni da mawaƙan bakan Turkawa shine, mai waƙa yakan saka sunansa ko laƙabinsa a baitin ƙarshe. Âşık Veysel, makahon nan na yankin Sivas da ciwon agana ya cinye wa idanu yana ɗan shekara 7, ya rasu tun 1973 amma duk wanda ya rera waƙarsa har ƙarshe dole ya kira sunansa, ko yana so ko baya so. UNESCO ma ta saka al'adar waɗannan mawaƙan baka cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2009.

Amma fa ba zan wanke kowa da kowa ba, don akwai masu yin abin da yayanki yake faɗa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ki duba bayanan dake ƙarƙashin waƙar. In waƙar tana da mai ita sananne to sunansa ya kamata ya fito a matsayin marubuci, kuma magadansa suna da haƙƙi, a Turkiyya har shekara 70 bayan rasuwarsa. In kuwa tsohuwa ce da ba a san wanda ya yi ta ba sai a rubuta ta gargajiya ce, makaɗan tsarin kiɗa kawai suka yi. Wanda ya ɗauki waƙar mutum ya laƙa mata "gargajiya" don kar ya biya, ko ya rubuta sunansa shi kaɗai, to wannan kam ki kira shi da sunan da yayanki ya kira shi ba ruwana.

Ni abin da ya fi damuna ma ba makaɗan bane, masu saurare ne, sai mutum ya yi shekara yana jin sabon bugu bai taɓa neman na asalin ba. Ki nemi Neşet Ertaş shi kaɗai da saz ɗinsa, ba ganga ba kibod, da farko zaki ji kamar babu armashi don kunnenki ya saba da hayaniya, ki daure ki ƙara ji.

Irinsu kuwa suna nan da yawa. A Ailan akwai Lankum masu jan tsofaffin waƙoƙin ƙasarsu da sauti mai nauyi, a Yukren akwai DakhaBrakha da suka fara a 2004, a Mongoliya akwai The Hu masu rera waƙa daga maƙogwaro. Kar ki zauna jiran YouTube ya kawo miki, ki duba sunan ƙaramin kamfanin da ya fitar da albam ɗin da kike so ki bi sauran kayansu, galibi mutum ɗaya ko biyu ne suke zaɓe a wajen, to in kunnenku ya zo ɗaya kin huta. In kuma kina da halin saye ki leƙa Bandcamp, wani shafin sayar da waƙoƙi a intanet, su kashi 15 cikin 100 suke cira a cinikin waƙa, sauran na makaɗan ne ko kamfaninsu bayan an cire kuɗin tura kuɗi. Ki gaida min yayan naki, kice ina jiran tasa wasiƙar in bai gamsu ba.