Filin Tambaya da Amsa: Wane inji ya dace da a-kori-kura, mai ja ko mai tsimin mai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai ina so in sayi a-kori-kura mai ƙofa huɗu, kuma akwai tirela da nake ja wadda in an yi mata lodi tana kai kamar tan biyu da rabi, amma ba kullum ba, sau biyu ko uku ne a wata, sauran kwanakin kuma zirga-zirga ce kawai ta cikin gari. Wani abokina ya ce in ban sayi mai dizal ba na yi asara, wani kuma ya ce ai yanzu ƙananan injinan fetur masu turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, sun gama da dizal, ga ƙarfi ga tsimin mai. Kaina ya ɗaure wallahi. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, madalla da ka faɗi nauyin tirelar da kuma sau nawa kake janta, don yawancin masu turo mana tambaya irin wannan cewa kawai suke "wanne ya fi ƙarfi", alhali amsar tana cikin waɗannan abubuwa biyu ne.

Mu fara da abin da ke jan kaya. In ka duba takardar mota za ka ga lamba biyu, ɗaya ƙarfin doki ɗaya kuma ƙarfin murɗawa da ake rubutawa da Nm. Masu talla sun fi son ta farkon don ita ke burge matasa, amma kai mai tirela ta biyun ce taka, kuma ba yawanta kaɗai ba, a wane juyin inji take zuwa. Injin dizal yana ba ka ƙarfinsa tun yana ƙasa, tun allurar juyi ba ta kai 2,000 a minti ba, shi yasa za ka ga mota da lodi ta tashi daga tsaye a kan tudu ba tare da ihu ba. Injin fetur marar turbo kuwa sai ka taka totur ya haura wajen 4,000 kafin ya kawo abin da yake da shi. Kamar san noma ne da dokin sukuwa, kowa da inda ya fi. Ɗauki Toyota Hilux misali, mai fetur lita 2.7 yana ba da wajen Nm 245, mai dizal lita 2.4 yana ba da 400, shi kuma lita 2.8 da aka ƙara wa ƙarfi a 2020 yana kai 500 in giyarsa otomatik ce. Injin fetur ɗin ya fi na 2.4 girma a lita amma ka ga tazarar da ke tsakaninsu. Isuzu D-Max mai lita 3.0 yana da 450, Ford Ranger mai V6 (silinda shida) dizal lita 3.0 kuma 600.

Maganar shan mai kuma dalili biyu ne ya sa dizal ke gaba. Lita ɗaya ta dizal ta fi lita ɗaya ta fetur ƙarfin kuzari da kashi goma da wani abu cikin ɗari, sannan injin yana matse iska sosai fiye da na fetur kafin ya ƙona mai, to daga kowane ɗigo yana tatsar aiki fiye da ɗan'uwansa. Kuma wannan ratar tana ƙara buɗewa ne daidai lokacin da ka ɗaura tirela.

To abokinka na biyu fa, shi ma bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa. Tun da Ford ta saka V6 EcoBoost lita 3.5 a a-kori-kurarta F-150 a 2011 kamfanoni suka bi sahu, har Toyota ta cire V8 (silinda takwas) daga a-kori-kurarta Tundra a 2022 ta maye gurbinsa da V6 mai turbo biyu. Waɗannan injinan suna ja sosai, kuma in motar ba kaya suna shan mai kamar ƙaramin inji don turbo ɗin kusan barci yake. Matsalar ita ce da ka ɗaura tan biyu da rabi ka kama hawa, turbo ya farka ya fara tura iska, kwamfutar motar dole ta ƙara fetur daidai da iskar, wani lokacin ma har ta zuba fiye da kima don ta sanyaya injin kar zafi ya yi masa illa, sai ka ga allurar tanki tana sauka kana kallo. Wato za ka samu ƙarfin, za ka samu tsimin, amma ba a rana ɗaya ba. Inda turbo ya yi fice ba gardama shi ne wurare masu tsauni, don inji marar turbo yana rasa kamar kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau saboda iska tana raguwa.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Dizal na zamani ba irin na da ba ne da za ka zuba masa komai ya haɗiye. Da yawansu suna da matata a jikin salansa, DPF, mai kama baƙin hayaƙi, kuma sai motar ta yi doguwar tafiya salansa ya yi zafi sosai sannan take ƙone tokar da ta tara. Mai yawon cikin gari, minti goma a kashe, minti goma a tayar, shi ne matatarsa ke toshewa, fitila ta kama a dashbod, mota ta ƙi gudu, a nufi gareji. Wasu kuma suna shan ruwan AdBlue, mai rage gubar hayaƙi, da sai ka riƙa ƙarawa. Ga nozul da famfon mai da ke aiki da matsi mai tsanani, gurɓataccen mai ko mai ruwa a ciki tanki ɗaya ya isa ya ja maka gyaran da zai cinye duk abin da ka tara na tsimi. Kuɗin sayensa ma ya fi, baƙin man da yake ci a sabis ya fi yawa.

Ni a ganina, ga mai jan tan biyu da rabi duk wata, dizal mai silinda huɗu tsakanin lita 2.4 zuwa 3.0 shi ne daidai kai, da sharaɗin cewa akwai mai mai kyau a inda kake da makanikin da ya san injin, kuma tafiye-tafiyen tirelar dogaye ne da za su riƙa wanke matatar. Fetur lita 2.7 marar turbo zai wahala da wannan nauyin, kai ma za ka wahala. Da a ce sau biyu a shekara kake jan tirela da na ce ka ɗauki fetur ka huta, don ba hikima ba ne mutum ya sayi inji saboda kwana biyu ya yi ta biyan kuɗinsa sauran shekara. Ka zauna da biro ka lissafa kilomita nawa kake yi a shekara, bambancin litar da za su sha, da ƙarin kuɗin sayen mai dizal ɗin, ka ga shekara nawa zai ɗauka kafin ya biya kansa.

TAMBAYA: Malam ni tawa gajeriya ce. An rubuta motata tana jan kilo 3,500, tirelata kuma 3,300 ce da kaya, amma in na ɗaura sai bayan motar ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Injin ne ya yi ƙarami?

AMSA: A'a ɗan'uwa, injinka ba ruwansa, kuma ko ka canja shi da wanda ya ninka shi bayan motar zai zauna. Wannan 3,500 ɗin da ake bugawa da manyan baƙaƙe ana samunta ne da mota kusan fanko. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, ko littafin motar, akwai iyakar nauyin da motar kanta za ta ɗauka, akwai kuma iyakar mota da tirela in an haɗa su. Tirela tana ɗora kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta a kan ƙugiyar ja, to taka kaɗai ta aza wa bayan motar kilo 330 ko fiye, kuma can ƙarshen baya, bayan aksil, inda yake ɗaga gaba. Ƙara mutum huɗu a ciki, ƙara kaya a bodi. A ce iyakar haɗin 6,000 ce, motar fanko 2,200, tirela 3,300, saura 500 kacal na kai da fasinjoji da duk tarkacen da ke baya. Ka je sikelin manyan motoci a auna ka da lodinka yadda kake tafiya, za ka sha mamaki. Ka matsar da kaya masu nauyi su zauna kan tayoyin tirelar da ɗan rinjaye ta gaba, kar kuma ka tura su can baya don ka sauƙaƙa wa motar, nan ne tirela ke fara lilo a kan gudu. Kuma tirela mai wannan nauyin dole tana da birkinta, a Turai ma duk wadda ta wuce kilo 750 doka ce.

TAMBAYA: Ni mace ce mai kiwon dawaki, motata dizal ce amma in ina jan tirelar dawakin mai take sha kamar me. Akwai dabara?

AMSA: Akwai Hajiya, kuma mafi girmanta a ƙafarki take. Tirelar dawaki doguwa ce mai faɗin gaba, iska take turawa, kuma turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, in kin ninka gudu ita sau huɗu take ninkuwa. Saukowa daga gudun kilomita 110 zuwa 90 a awa kaɗai za ki ga bambanci a tanki, dawakin ma sun fi samun natsuwa. Ki duba iskar tayoyi har da na tirelar kafin ki tashi, ki tabbata birkin tirelar ba ya kamawa, taɓa wilin bayan 'yar tafiya in ya yi zafi fiye da sauran to yana ja miki baya. In motar tana da maɓallin jan tirela ki kunna shi, yana hana giya ta yi ta hawa da sauka a kan tudu, wanda shi ke dafa man giya. In kuma an saka mata manyan tayoyin ado masu kaushi, su ma suna cin nasu rabon, a mayar da girman da kamfani ya rubuta.