Amsa ga ɗan'uwanmu sabon zuwa kan kwasar dusar ƙanƙara

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce wannan ne hunturunka na farko a birnin Minneapolis na Amurka, mai gidan haya ya miƙa maka shebur ya ce share gaban gida aikinka ne, ga shi kana fama da hawan jini. Maganar hawan jinin nan ce ta sa na zauna rubutu.

Mutanenmu ciwon ƙugu suke gudu, alhali zuciya ce abin ji. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, jini ya hau, kai kuma kana riƙe numfashi kana ɗaga nauyi. A guguwar dusar da ta afka wa birnin Buffalo na jihar New York a Disamban 2022, cikin waɗanda suka rasu har da mutanen da zuciyarsu ta buga suna tsaka da kwasa. Don haka ka fara jin ta bakin likitanka. In ya hana, ka biya wani matashi a unguwa ya yi maka, ba abin kunya ba ne.

In ya yarda, to tura dusar za ka yi zuwa gefe, ba ɗagawa ba. Busasshiya ba ta da nauyi, amma jiƙaƙƙiya sai ka rantse yashin gini kake ɗiba. Wadda motar share dusa ta jibge a bakin hanya ta fi kowacce mugunta, ita nake bi rabin shebur rabin shebur. In ɗagawar ta zama dole, ka lanƙwasa gwiwa, shebur kusa da jiki, ka juya da ƙafafunka. Jifa ta bayan kafaɗa ita ke kwantar da mutane.

Dokar birnin Minneapolis ta ba gidaje irin naku awa 24 bayan dusa ta tsaya ku share gaban gida, saboda haka babu dalilin yi da asuba daga tashi barci, ko bayan ka cika ciki da tuwo. Ni sau biyu ko uku nake fita tana cikin zuba, kafin a tattake ta ta daskare. Yanzu da azumi ke faɗowa cikin hunturu, ka bari sai ka sha ruwa ka huta.

Kaya kuwa, sa su hawa-hawa yadda za ka rage in gumi ya karyo. Gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara ba ya wani aiki in sanyi ya tsananta sosai, yashi za ka watsa saboda santsi.

Da ka ji ƙirji ya matse, ko zafi yana bin hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ajiye shebur ka kira lambar agajin gaggawa 911, kada ka ce bari in ƙarasa. Kuma kafin ka tayar da mota, tone bakin salansa tukuna, don in dusa ta toshe shi hayaƙin cikin motar yake komawa.